Tambarin da ke cikin awarwaron Kaka

Jiya na yanka lemon tsami a kicin, ƙamshin ya mayar da ni falon Kaka a unguwar Madain Fahd ta Jidda. Duk safiyar Juma'a da lemo da tokar kaskon turare take goge awarwaronta na azurfa, mai jan dutsen aƙiƙ a tsakiya. Takan ce, "Azurfa ba ta son a manta da ita, yanzu sai ta ɓata fuska."

Wata Juma'a ta miƙo mini in goge, ƙawayenta biyu suna zaune suna shan shayi. Na leƙa cikinsa na ga an buga 800. Lokacin ina ji da karatuna, kuma na taɓa karanta cewa azurfar kirki 925 ake buga mata.

"Kaka, an cuce ki. Wannan ba azurfar gaske ba ce."

"Kakanki ne ya saya mini wurin wani ma'aikacin jirgin ruwa, shekarar da muka sauka Jidda."

"To, shi aka cuta."

Ƙawayen suka yi dariya. Ta karɓa, ta ƙulle shi a gefen mayafinta. "Halas, shi ke nan, 'yar boko, mun ji." Ban sake ganinsa a hannunta ba har ta rasu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka, Ya sa kin yafe mini. Sai bayan shekaru, da awarwaron ya zo hannuna, na kai shi wurin wani tsohon maƙerin azurfa. Ya duba da gilashi, ya ce azurfar ta gaske ce, yawancin maƙeran Turai na zamanin da 800 suke bugawa.