Falwayar da Yaya Mamman Yake Ƙirgawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Mamman makwancinsa a bayan Ƙofar Gayan. Ma'aikacin reluwe ne, shi ne mai ɗaga tuta a taragon ƙarshe na jirgin da ke tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Ni kuwa ɗan birni ne, ɗinkin hula na gada, kuma a wurina daji abin gudu ne, ba abin kallo ba.

Shi ba haka ya ɗauke shi ba. Duk dawowar da zai yi, sai ya zauna a zaurenmu ya dame mu da labarin wani tafki. Ya ce yana can tsakanin duwatsu, bayan wata 'yar tasha da ko rumfa ba ta da ita, kuma da hantsi barewa kan sauko shan ruwa. Fasinjoji ba sa lura, domin ƙifta ido ɗaya an wuce. Shi yana gane wurin ne kamar yadda 'yan reluwe ke yi, wato ya ƙirga falwaya tun daga tashar. Burinsa a ware tarago guda mai manyan tagogi, jirgi ya tsaya a daidai falwayar nan, mutane su sauka su ga ikon Allah.

Dariya nake yi masa. Na ce, “Yaya, wane mai hankali ne zai sayi tikiti don ya je kallon ciyawa?” Sai ya yi murmushi ya ce, “Kai dai riƙe lambar falwayar, wata rana za a nema.” Ya faɗa mini ita ba sau ɗaya ba, har a ciwonsa na ajali. Allura na hannuna, hankalina na kan zare.

Yau jirgin ya daina bin layin, dajin kuma ya koma hannun 'yan bindiga. Amma sai ga shi ana ta maganar farfaɗo da tsofaffin layuka da yawon buɗe ido, maganar da muka mayar da shi mahaukaci a kanta. Ban san ko daɗi zai ji ba, ko kuwa kuka zai yi. Na dai san ba zai ce da ni “ai na faɗa maka” ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Watan jiya 'yarsa Hauwa, wadda ya bari tana firamare, ta same ni a shago. Tana rubutun kammala digirinta a kan wannan batu, tana so ta sa tafkin babanta a taswira. Ta durƙusa ta ce, “Baffa, Inna ta ce kai kaɗai ya faɗa wa lambar.”

Na duba fuskarta, na ga tasa. Kunya ta rufe ni, bakina ya riga ni, na ce talatin da bakwai. Ta rubuta, ta yi godiya, har da hawayenta.

Abin da ya rage na Yaya Mamman bai wuce yarinyar nan da ta yarda da shi ba tare da ta ga komai ba. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini. Hauwa, na kasa faɗa miki baki da baki, shi ya sa na rubuta wannan na kawo wa jarida: ki goge lambar nan. Ban riƙe ba.