Inuwar Mutum Ɗaya

Hajiya Radiyya na zaune a bakin wani rafi kusa da garin College Park, can ƙasar waje, inda 'yarta Sadiyya ta kawo ta shan iska. Idonta na kan wani Bature da ke tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa. Dogo ne, ya ba sittin baya, rana ta ƙona masa wuya ya yi jawur, ga wandon roba har ƙirji. Ba koma, ba ƙugiya.

"Wannan kuma wane irin masunci ne?"

"Ba masunci ba ne, Mama, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Wani kifi suke so ya dawo rafin nan, mai suna tirawut. Ruwa na yin ɗumi yake mutuwa."

Mutumin yana tsoma gwiwar hannu a ruwa, yadda ake gwada ruwan wankan jariri, yana girgiza kai. Ruwan saman ɗazu ta kan kwalta mai zafi ya biyo kafin ya gangaro nan. Itatuwan da aka dasa don su yi wa rafin inuwa ko ƙugun mutumin ba su kai ba. Hajiya ta dubi furfurarsa, ta dubi itatuwan. Ba zai ga girmansu ba. A ganinta, mai wannan taurin kai da wuya a ce akwai mai jiransa a gida.

Yanzu ya juya wa rana baya, ya ware hannuwa, ya tsaya cak. 'Yan kifaye sun taru a inuwarsa.

"To in ya gaji fa?" in ji Hajiya.

"Ai ma an kusa tashi daga aiki, Mama."