Neman Iyalin Baba Manu, Daga Wara Zuwa Shanga

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Wata biyar ke nan da dawowata. Ina tsoron in tona asirin wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina kuma tsoron kuskure, don ni a aji shida na tsaya. Sau uku ina farawa ina yagewa. Amma akwai kayan mutane a ɗakina, kuma ba zan iya sauke su ni kaɗai ba.

Sunana Isiya. Ina sayar da zaren koma da ƙugiya da dalma a kasuwar Yelwa. Shekara huɗu da suka wuce wani tsoho mai suna Manu ya roƙe ni ya riƙa zama gefen shagona yana gyara wa masunta koma. Daga baya na ba shi ɗakin zaurena. An haife shi a wani tsibiri da ruwa ya cinye bayan an yi madatsar Kainji. Ya yi sana'ar kamun kifi a Chadi da Kamaru da Gabon. In aka tambaye shi garinsu sai ya ce, "Garinmu kifi ka kwana cikinai. Tun ran nan, duk inda gari ya waye mini nan ne gida, duk wanda na iske nan ɗan'uwana ne."

Ban taɓa ganin mai kwanciyar rai irinsa ba. Ni kuwa sai in rufe shago, in kai bakin titi, in dawo in taɓa kwaɗon. Yakan yi dariya ya ce, "Malam Isiya, raba abu biyu. Wanda ke hannunka, yi shi da kyau. Wanda ba ya hannunka, damuwarka ba ta ƙara mai, ba ta rage mai." An sace masa jirgi a Gabon, an tsare shi a kan iyaka, amma in yana ba da labarin sai ka ce wani ne abin ya samu. Na so in zama irinsa.

Kwana uku kafin ya rasu ya gaya mini yana da mata, Hajo, da 'ya, Balki, ya bar su a wata tungar masunta gaban Wara shekara ashirin da wani abu, kuma bai sake ta ba. Na tambayi sunan tungar, ya ce sai ya ji sauƙi. Bai ji ba. Limaminmu ya ce mini takaba daga ranar mutuwa take fara ƙirguwa, ko matar ta ji ko ba ta ji ba, kuma abin da ya bari na magada ne: birginsa, wato komarsa ta jifa, da rediyo, da wani gwangwani cike da takardu. Tsoron hanya ya sa na zauna kwana ashirin da uku. Wannan laifina ne.

Litinin: Yelwa zuwa Wara

Na fita gida ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba. Na kai tasha na tuna ban tabbatar da igiyar buhun da na zuba kayan Baba Manu ba, na kwance na sake ɗaurewa. Mota ba ta cika ba sai bakwai da rabi. Mu tara a ƙaramar mota, da wata Bakambara mai kwandon kaji a cinya. Na tambayi direba ko hanya lafiya.

"Jiya dai lahiya," ya ce. "Yau ban bi ba tukuna, Malam. In mun isa in gaya ma."

Shinge biyar muka wuce. Na sojoji biyu, sauran na 'yan sa-kai da bindigoginsu na gida. Bayan Birnin Yauri muka ga ƙauye biyu ba hayaƙi ba akuya, rumbuna a buɗe. A shinge na huɗu wani soja ya sa na kwance buhun. Ya buɗe gwangwanin, ya ga katuna masu hoton Baba Manu, wasu da Faransanci, kowane da tambarin ƙasa dabam.

"Wannan mutum ɗan ina ne?"

Ni ma na leƙa katunan. Na ce ya rasu. Ya dube ni, ya dubi katunan, ya mayar da murfin da kansa ya ce mu wuce.

Mun shiga Wara sha ɗaya da minti ashirin. Na sauka gidan Alhaji Bawa, wanda yake sayen zare a wurina. Bayan azahar ya kai ni wurin Sarkin Ruwa. Na ce ina neman wata Hajo matar Manu. Sarkin Ruwa ya ce Hajo da Manu sun cika bakin tafkin nan, kuma tunga ba gari ba ce, in ruwa ya ja takan bi shi, in ya cika ta gudu. Ya tambayi abin da mamacin ya bari. Da na fito da birgin sai ya sa aka shimfiɗa shi a ƙasa, tsofaffi huɗu suka durƙusa kansa.

Shekara talatin ina sayar da zare, ban san ana karanta koma ba. Suka riƙa bin faci suna faɗa: wannan ƙullin na mutanen Chadi ne, wannan na Kamaru, wannan ba su taɓa gani ba. Sai da suka kai gindi, inda ake ɗaura dalma, Sarkin Ruwa ya sa yatsa.

"Nan ne mutum ba ya canzawa. Yadda ubangidansa ya koya mai, haka shika mutuwa da shi. Wanga ƙulli mai komawa baya sau biyu na mutanen tsibirin da ya nutse ne. Mutum ɗaya ya rage da na sani, Tanko, shina tsallake."

Na ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa a gidan Alhaji Bawa. Abincin ya yi daɗi, amma tunanin jirgi ya hana ni ƙarawa.

Talata: tsallaken tafki

Jirgin ya tashi tara da kwata. Na ƙirga mutane na kai arba'in na daina, ga babura uku da buhunan gishiri. Ruwa bai fi tafin hannu ɗaya ba da bakin katako. Na tambayi mai jirgi rigar ruwa.

"Akwai guda biyu," ya ce. "Ɗaya ni ka zama kanta."

A tsakiyar tafki akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, wasu a waje wasu a ɓoye. Na tuna maganar Baba Manu, na ce wa kaina wannan ba ya hannuna. Bai yi mini aiki ba. Na riƙe katako har yatsuna suka sandare. Awa ɗaya da minti arba'in muka yi, sannan na taka laka kusan rabin awa, don tungar ta bi ruwa ta bar inda aka san ta.

Tanko tsoho ne ƙwarai, ido ya tafi. Na gaishe shi, ban faɗi komai ba, na sa masa gindin birgin a hannu. Ya bi shi da yatsu, dalma bayan dalma, ya daɗe.

"Manu," ya ce. "Tare munka koya. Shi ne ka jan zare da hannun hagu. Ya mutu ke nan, in ba haka ba birginai ba ya zuwa hannun baƙo."

Na ce Allah ya yi masa rasuwa a Yelwa. Ya yi masa addu'a. Na ce mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga murya ba.

"Awo, bai taɓa ba. Ran da ɗansu na fari ya faɗa ruwa, Hajo tana birgima ƙasa, shi ya wanke yaron ya rufe, da la'asar ya koma ɗinkin koma. Mutane sunka ce ga mai haƙuri. Bayan damina biyu ya tahi Chadi, ya ce mata duk ƙasar Allah ɗaya ce." Ya tofar da yawu gefe. "Mai gida a duniya duka, ɗaki ɗaya ya gagare shi rufi."

Ya ce Hajo ta jira shekara bakwai a nan, sannan ƙanenta Ɗanjuma ya zo ya kwashe su zuwa wajen Shanga, inda yake noman shinkafa. Na kwana a rumfar Tanko. Matar jikansa ta ba ni fura da busasshen kifi.

Laraba na sake tsallakowa, na hau motar Yelwa, na isa gida bayan la'asar. Na ji tsoron in na kwana biyu ba zan sake fita ba, don haka ban kwance buhun ba, a bakin ƙofa na ajiye shi.

Alhamis: Shanga

Na tashi shida da rabi. Mota ta sauke ni Shanga kafin tara, daga nan ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni cikin fadama. Sau biyu muna sauka muna tura babur. Ɗanjuma uku aka nuna mana, na ukun ne namu. Ya saurare ni a tsaye, fartanya a kafaɗa, sannan ya ce in bi shi.

Hajo tana shanya dafaffiyar shinkafa a tabarma. Doguwa ce, ta rame, gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta fari fat. Ɗanjuma ya ce, "Yaya, ga baƙo daga Yelwa." Na durƙusa na gaishe ta. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Inna, Baba Manu ya rasu."

Ta yi salati a hankali. Ta ci gaba da baza shinkafar da hannu har ta kai ƙarshen tabarmar.

"Yau kwana nawa?"

"Ashirin da bakwai. Laifina ne, da na zo tun..."

"Bari. Sauran kwanakin takabar sun ishe ni."

Ashe ba ta taɓa zuwa wurin alƙali neman a raba auren ba. Ɗanjuma ya ce ya yi da ita har ya gaji.

"Ya ambace ni?" ta ce.

"Ya ambace ki, ke da Balki."

"Sau nawa?"

Na so in ce kullum. Wallahi na so. Na ce sau ɗaya. Ta tambaya ko ya ce a roƙe ta gafara. Na ce bai ce ba. Ta gyaɗa kai.

"Kai ne mai shagon zare kusa ga masu gishiri? Na gane ka. Bara waccan na kai shinkafa Yelwa, na gane shi zaune gefen shagonka shina ɗinki. Na tsaya gabanai. Ya ɗaga kai ya yi murmushi, ya ce, sannu 'yar'uwa, koma za a gyara? Na ce a'a. Wata mai tallan goro ta zo, ya gaishe ta da murya ɗaya da tawa. Sai na ɗauki kwandona."

"Don mi ba ki faɗa mai ba, Yaya?" Ɗanjuma ya ce. Shi ma ranar ya fara ji.

"In ce mai mi? Ya gaishe ni da kyau."

Na fito da kayan. Ta buɗe gwangwanin, ta duba katunan ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi wanda hotonsa ya fi ƙuruciya ta riƙe. Sauran ta turo mini. Ta ce birgi ba ya rabuwa, a kai wa Balki duka. Na tambayi inda Balki take. Shekara tara ke nan ta bi mijinta, wani masunci mai suna Umaru, zuwa Kamaru. Da suna waya. Shekara biyu yanzu lambar ba ta shiga. Magana ta ƙarshe, sun ce za su ƙara gaba, ba su faɗi ina ba.

Hajo ta shiga ɗaki ta fito ba 'yan kunne, ba awarwaro. Ta sa aka auna mini shinkafa, na ƙi, Ɗanjuma ya ɗaura ta a bayan babur da kansa.

Na iso Yelwa biyar saura minti goma. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina godiya ga Alhaji Bawa, da Sarkin Ruwa da tsofaffinsa, da Tanko, da Ɗanjuma. Har yanzu ban san yadda zan ajiye Baba Manu a raina ba. Abin da ya koya mini ina ganin gaskiya ne, kuma na ga abin da ya bari a fadamar Shanga.

Hajo ta fita takaba. Makon jiya Ɗanjuma ya zo sayen ƙugiya ya ce ƙafafunta suna kumbura, ta daina fita shanya. Don haka nake roƙon masu karatu, musamman masunta da dillalan kifi da direbobin da ke zuwa Kamaru da Chadi: wanda ya san Balki 'yar Manu, matar Umaru, doguwa, mai tabon ƙuna a hannun dama, shekarunta kamar talatin, ya gaya mata mahaifinta ya rasu, kayansa suna wurin Isiya mai zare a kasuwar Yelwa. Ya kuma gaya mata kada ta tsaya Yelwa tukuna, ta wuce Shanga. Kayan za su iya jira.