Kujerar Makkar da ta ci aikin Yaya Ilu

Bana shekara arba'in da uku ke nan da muka binne yayana Iliyasu, wanda duk unguwarmu a cikin birnin Daura ke kira Ilu. Na daɗe ina kauce wa wannan rubutu. Amma kwanan baya na ji wani babba a rediyo yana cika baki cewa bututun gas ɗin da za a ratsa ƙasar nan da shi, hukuma za ta sa ido a kan kowace gaɓarsa. Sai na ji raina ya ɓaci. Na san mutumin da ya taɓa sa ido, na kuma ga abin da aka yi masa.

Zamanin da kuɗin mai suka ɓarke ne, kowa ya zama ɗan kwangila, har wanda bai san bambancin siminti da toka ba. Ni ina koyarwa a firamare a Sandamu. Yaya kuwa sufeton gwamnati ne a wajen shimfiɗa bututun mai da ake kawowa Arewa. Aikinsa ɗaya ne: kafin a rufe bututu da ƙasa, a cika shi da ruwa, a matse, ya zauna yana kallon allurar ma'auni. In ta tsaya cak, walda ta yi kyau, ya sa hannu. In ta sauka, akwai yoyo, a tone a sake. A wani yanki da ya bi ta bayan ƙauyuka, allura ta sauka sau biyu, Yaya ya mayar da biro aljihu.

Ɗan kwangilar da ke aikin yankin bai je masa da ambulan ɗin kuɗi ba, don ya riga ya ji labarinsa. Gidanmu ya aiko. Wata Juma'a wani mutum mai fara'a ya yi sallama a zauren Baba, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Baba, ni abokin aikin ɗanka ne. Saƙo aka ba ni, kujerar Makka ce, an riga an biya."

Baba baduku ne, ya tsufa a kan ɗinkin fata bai taɓa sa ran ganin Ka'aba ba. Kuma Yaya ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan", ba sa zama su yi hira. Don haka da baƙo ya ce saƙo ne, Baba ya ɗauka ɗansa ne ya ji nauyin miƙa masa da hannu, ya aiko wani. Bai tambaya ba, bai aika godiya ba, domin uba ba ya gode wa ɗan fari. Ya dai shiga ɗaki ya yi kuka.

Ni na ji wani iri a raina. Albashin Yaya na sani, ba ya kai mutum Makka. Wasiƙa ɗaya da na rubuta masa da ta wadatar. Ban rubuta ba. Ni na raka Baba Kano aka ɗauke shi hoto, ni na cike takardu, ina ta washe baki ana cewa gidanmu ya yi alhaji.

Baba yana ƙasa mai tsarki ɗan kwangilar ya kai wa Yaya rasit ɗin kujerar, ya ajiye kusa da takardar da ke jiran sa hannu. Yaya ya ƙi. Ya rubuta wa shugabanninsa komai da hannunsa. Su kuwa da suka tashi bincike, ba allurar da ta sauka suka bincika ba, kujerar suka bincika. Aka ce ga sufeto ya nemi a kai ubansa Hajji, da bai ƙoshi ba ya riƙe aiki. Aka sallame shi. Ba a yi mako ba wani ya sa hannu, aka tura ƙasa a kan bututun.

Ya dawo Daura ya buɗe rumfar walda, yana gyaran amalanke da ƙofofi. Baba ya ji an kore shi don cin hanci, amma bai san kujerarsa ce dalili ba. Da na same shi na ce zan faɗa wa Baba gaskiya, ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni.

"Kul! Kana so tsohon nan ya mutu yana shakkar Hajjinsa? Bar shi ya ɗauka ni ɓarawo ne, ya fi sauƙi."

Shekara huɗu Yaya ya yi a haka, hawan jini ya ɗauke shi. Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga sufetocin yanzu, masu hular kwano da manyan motoci da na'urori iri-iri. Ba na jin na'urar za ta burge shi. Tambaya zai yi: wa ke riƙe da biron, kuma an san gidan ubansa?

Bai bar gida ba, bai bar lambar yabo ba. A takardun gwamnati, in ba gara ta cinye su ba, har yau sunansa na cikin waɗanda aka kora don cin hanci. Ranar sadakar ukunsa Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ka yafe wa wancan abin da ya ci." Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin, na cika alkawari har Baba ya koma ga Ubangijinsa. Yanzu babu wanda gaskiya za ta ɓata wa rai sai ni, saboda haka ga ta: Iliyasu bai ci komai ba. Mu muka ci, shi ya ɗauki sunan.