Ƙara Uku

A wajen aiki ba mai kiran babanmu da sunansa, sai Ƙara Uku. Shekara talatin ke nan yana kan injin huda ƙasa, wanda ake kaiwa fili kafin a yi gini, a ciro abin da ke can ciki injiniya ya duba. Yakan ce yashi mai ruwa ya fi kowace ƙasa rainin wayo, kana hudawa yana rufewa. Laka kuwa in ta kama bututun injin, sai an lallaɓa ta.

Laƙabin nan ta hanya mai ciwo ya samo shi. Yana saurayi ya huda wani fili, a mita biyar bakin injin ya ci dutse, ya ce an kai. Ashe dutse ne guda ɗaya kwance cikin taɓo. Aka ɗora bene a kai. Damina biyu bango ya tsage har hannu na shiga, mutanen gidan suka kwashe kayansu. Ba a rasa rai ba, amma har gobe Baba ba ya bin layin nan. Tun daga lokacin in ya taɓa dutse sai ya ƙara mita uku a cikinsa, injiniya ya yi ta duba agogo in ya ga dama.

Da ni da maigidana muka samu fili, Baba da kansa ya kawo injin. A mita huɗu, sai ga dutse.

Maigidana ya matso, kai a sunkuye. "Baba, ai an samu. Ga magina gobe za su zo, ga damina ta kawo kai."

Baba ya nuna turakun da aka kakkafa a kusurwa. "Nan ɗakin wa?"

"Na yara ne, Baba."

"To, magina su jira."

Kwana biyu injin yana gurnani yana tafiyar hawainiya. Ni kam haushi ya cika ni, ina kai masa abinci ina cin magani, shi ko a jikinsa. Ya dafa bututu da tafin hannu, ido a lumshe, yana jin abin da ƙasa ke faɗa.

Aka kai mita bakwai, dutse ne zalla, babu taɓo ko na shafawa.

Na ce, "Ka gani ko, Baba? Wahalar banza!"

Ya yi dariya har da tari. "Ke dai ba ki san daɗi ba. Huɗun farko na injiniya ne. Ukun nan nawa ne, da su nake samun barci."

Shekara tara ke nan da ginin. Guntun dutsen da ya ciro yana kan tagar yara, da shi suke danne takardun makaranta. Duk zuwan Baba, kafin mu gaisa sai ya shige ɗakinsu ya bi bango da tafin hannu, kusurwa zuwa kusurwa. Sannan ya fito ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce a ba shi shayi.