Irin Geron Kakana

Shekarun baya, kafin mutanen daji, 'yan bindigar nan, su tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Tsamaye, in ka ambaci yaƙin duniya na biyu a gabana, dariya za ni yi. Ba wai rashin hankali ba ne, ko da yake a lokacin ina da nawa kason. Kakana ne ya jawo. Yana cikin samarin da Turawa suka kwasa zuwa ƙasar Bama, kuma duk labarin da yake ba mu na ban dariya ne.

Ya ce mai gari ne ya nuna shi, don an ce kowane gari ya ba da samari, shi kuma maraya ne, ba mai tsaya masa. Aka zuba su a jirgin ƙasa, daga nan sai jirgin ruwa. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbinmu ba ya yi ta sheƙa amai har Indiya. Bindiga ma ba a ba shi ba. Adda aka miƙa masa, ya naɗa gammo, ya yi ta dakon harsashi cikin dajin da rana ba ta taɓa ƙasa. Abincinsu jirgin sama ke jefowa. Nakan tsokane shi in ce, "Ashe ɗan dako ne kai, tsoho, kake cika mu da soja!" Sai ya ce, "Ɗan nema, dakon nan shi yac ci yaƙin."

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, iri. Kowace kaka shi da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure damma, ya rataye a ɗakinsa inda hayaƙi ke taɓa su. Geron gidanmu ne tun kakanni, mai saurin nuna, ko ruwa ya ɗauke da wuri sai ya ba da wani abu. Ko ana yunwa ba a taɓa shi. Ni kuwa, da gemuna da komai, na taɓa zare zangarniya biyu na watsa wa tantabaruna. Ranar ce kaɗai ya ɗaga mini sanda.

Da ya huce sai ya kira ni, ya ba ni labarin da babu dariya a cikinsa.

Ya ce akwai lokacin da damina ta rufe dajin Bama, jirage suka kasa tashi, abinci ya yanke. Ga sojojin Japan a gaba, ga zazzaɓi da gudawa suna kwasar mutane fiye da harsashi. Wasu an bar su a gefen hanya ba wanka ba salla. A haka suka faɗa wani ƙauye da mutanensa suka gudu. Rumbunansu wayam, waɗanda suka riga su wucewa sun kwashe. Sai wata tsohuwa ita kaɗai, tana zaune a kan tukunya. Shi manomi ne, yana gani ya san ko mene ne a ciki: shinkafar iri ce. Ya ture ta ya ɗauka. Ta kama ƙafarsa da hannu biyu tana ta faɗin wata magana, tana maimaitawa. Ya fizge ƙafarsa. Suka dafa, suka ci.

Aka gama yaƙi, aka ce an jefa wani ƙaton bam a ƙasar Japan, aka dawo da su. Ya tarar an ɗebi yayansa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, sanyi ya kashe shi can, hatsin gari ma an auna an tafi da shi. Duk wannan ya ce ya haƙura. Tsohuwar nan ce ta ƙi barinsa.

"Ban jin harshensu," in ji shi. "Har yau ina son in san mi take cewa. Zagi ne? Allah ya isa ce? Ban sani ba."

Na ce masa yaƙi ne, Allah mai gafara ne, irin maganar da mai ƙoshi ke yi.

To, sai namu ya zo. Da bazara ne, an gama sharar gona ana jiran ruwan shuka. Da hantsi wani ya shigo a guje ya ce mutanen daji sun ƙone ƙauyen da ke gabanmu, kuma nan suka nufo. Innalillahi! Gari ya rikice. Mashin ɗaya gare mu. Na kai mahaifiyata da yara Sabon Birni, na dawo na ɗauki matata, kowane zuwa ina roƙon tsoho ya hau, yana cewa a fara da mata. Ya haura shekara casa'in, da ƙyar yake kai kansa masallaci.

Zuwa na uku na same shi ya sauko da damman iri ya jera a ƙofar ɗaki. Raina ya ɓaci. Mashin ba zai ɗauke shi da su gaba ɗaya ba.

"Kaka, don girman Allah ka hau. In na kai ka za ni dawo in kwashe su."

"Ba ka dawowa. Na san yaƙi, hanya rufewa takai. Ɗauki iri, ka bar ni."

"Ni in bar mutum in ɗauki gero? Mi za ni ce ma Inna?"

"Ka ce mata ka ɗauko abincin baɗi."

Wallahi har tsawa na yi masa. Muna cikin haka muka fara jin harbi, sai ga maƙwabciyarmu da tsohon ciki, tana jan yaro, ta kasa gudu. Ya dube ta, ya dube ni. "To, gardama ta ƙare. Aza ta." Na ɗora ta da yaron na tafi, ina waiwayensa yana zaune a kan dammansa.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Hanya ta rufe. Kwanakin da muka yi a wata makaranta a Sabon Birni, ban iya haɗa ido da mahaifiyata ba.

Da aka samu sarari muka koma da 'yan sa-kai. An ƙone rumbuna, an kore dabbobi. Na shiga gida ina kiransa. Sai ga shi jingine da bango, da ransa, leɓɓansa sun tsage, hannunsa na dama ya kumbura suntum. Damman babu ko ɗaya. Na durƙusa ina kuka kamar yaro, ina ba shi ruwa.

Da ya samu murya ya ce, "Yaro ne yaɗ ɗauka. Bai kai ka ba. Ga bindiga ta fi shi tsawo, ga yunwa ga idonai. Nik kama ƙafatai da hannu biyu."

"Kaka! Da ya harbe ka fa?"

"Taka min hannu yay yi, yaw wuce." Sannan ya ce, "Abokina, na san abin da tsohuwar nan take cewa. Ba zagi ba ne. Ni ma shi na ji bakina yana faɗi."

"Mi kac ce mai?"

"Ɗana, baɗi fa? Ɗana, baɗi fa?"

Bai ga shukar shekarar ba. Hannun ya ruɓe, zazzaɓi ya shiga, muka rufe shi a Sabon Birni kafin ruwan farko. Shi dai ya samu wanka da salla. Daga baya muka samo wani iri daga dangi a garin Isa, yana yi ba laifi, amma ba namu ba ne. Geron kakanninmu ya ƙare a cikin tukunyar wasu a daji.

Yanzu in na ga ana nuna yaƙin wata ƙasa a waya, ana cewa waɗannan sun ci gari kaza, waɗancan sun ja baya, samari suna gardama kamar ƙwallo, raina ɓaci yake yi. Na san a bayan kowane gari da aka ci akwai tsohon da ya kasa gudu, yana zaune a kan abin da zai shuka. Kuma wanda zai ture shi yaro ne mai jin yunwa, ɗan wani.

Ni ke zaɓen iri a gidanmu yanzu. Duk kaka in na ɗaure na rataye, tambayar nan takan dawo mini da muryarsa, har yau kuma ban samu wanda ya amsa ta ba. Ɗana, baɗi fa?