Katkat ɗin Alhaji a Bakin Teku

A wurin aiki na san Alhaji. Kamfanin kujeru ne a bayan garin Greensboro, ni ina ɓangaren ɗaure kaya, shi yana tuƙa injin ɗaga kwalaye. Mutumin Nijar ne, ya girme ni sosai, kuma kafin ya zo Amurka ya daɗe yana jan manyan motoci a hamadar arewacin Agadas. Ni kuwa ɗan zangon Ankara ne ta ƙasar Gana, a bakin teku na yi wayo. Ba ya kirana da sunana, sai dai "mutumin Gana".

Wata Asabar ya kira ni a waya ya ce in same shi a wani wurin sayar da tsofaffin motoci da ke Gate City Boulevard. Na tarar da shi yana shafa ƙeyar wata farar mota mai tsayi, duk ta sha jiki, ƙofar bayanta ma da igiya aka ɗaure ta.

"Katkat ce," in ji shi. Haka mutanen Nijar suke kiran mota mai ja da ƙafa huɗu. "Na saya."

Na ce, "Alhaji, a garin nan da ko'ina kwalta, me za ku yi da ita?"

Ya ce wani Bature abokin aikinmu mai son kamun kifi ya ba shi labarin wani tsibiri a gabashin jihar. Babu titi, babu wutar lantarki, babu kanti, sai yashi iya ganinka. Jirgin fito ne yake tsallaka da motoci ya sauke su, kowa ya nemi inda zai kafa tanti. Tun da ya ji labarin nan, in ji shi, hannunsa yake ƙaiƙayin sitiyari.

Duk bazarar nan motar tana filin gidan surukinsa a Pleasant Garden, yana gyaranta a ranakun hutu. Da zafi ya fara sauka muka shirya tafiya, mu huɗu: Alhaji da matarsa Hajiya, ni da maiɗakina. 'Ya'yanmu duk sun girma. Da na gaya wa babbar 'yarmu, dariya ta yi ta tambaye ni da Turanci ko mun san babu banɗaki a can.

Matan nan sun yi guzuri kamar za mu yi wata. Maiɗakina ta dafa shinkafa da wake irin tamu ta zango, ta cika kwalba da shito, soyayyen yajin nan namu na Gana. Hajiya ta yi dambun zogale, ta ƙulla kilishi. Muka loda jarkokin ruwa, gawayi, tabarmi da shebur, muka kama hanyar gabas tun da sassafe.

A kan jirgin fito na lura da Alhaji. Ya ƙi fitowa daga mota, ya riƙe carbi yana kallon gwiwoyinsa. Hajiya ta raɗa wa maiɗakina cewa bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. Amma da tayoyin motar suka taɓa yashi sai ya zama wani mutum daban. Ya sauka, ya durƙusa, ya sassauta iskar tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana matsa su da babban yatsa. Ya ɗebi yashin ya murza, ya sansana.

"Ku hau," ya ce.

Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. Motar tana lilo a kan rairayi kamar kwalekwale, shi kuwa hannu ɗaya a sitiyari, yana rera wata waƙa da Buzanci wadda ko Hajiya ta ce ta manta rabon da ta ji ta a bakinsa. Teku a damanmu, tuddan yashi da doguwar ciyawa a hagunmu. Muka wuce masu kamun kifi jefi-jefi, har muka daina ganin kowa. Wayoyinmu duk suka rasa sabis.

Muka kafa tantuna a gindin wani tudu. Motar kuwa Alhaji ya gangara da ita can ƙasa, inda yashin yake da danshi da tauri, ya ce a nan ba za ta nutse ba. Na gani, na kuma san ruwan teku yana ja da baya ya dawo, amma a lokacin ruwan yana da nisa, ga yunwa, ga ƙamshin shito. Na ce a raina in mun ci abinci zan yi masa magana.

Muka ci, Alhaji ya hura gawayi ya ɗora shayi. Iska mai sanyi tana kaɗawa. Ni da maiɗakina muka tafi yawo a bakin ruwa, tana tsintar ƙwanson kifi, tana ba ni labarin yadda take bin kakarta sayen kifi wajen masunta tana yarinya. Mun yi nisa sai muka jiyo muryar Hajiya.

"Ruwa! Ku zo, ruwa ya ci mota!"

Muka dawo a guje. Igiyar ruwa tana zuwa ta lashi tayoyin ta koma, duk komawar da za ta yi sai ta kwashe yashin ƙarƙashinsu. Alhaji ya riga ya shiga ya ba ta wuta, tayoyin baya suka yi ta juyawa, suka haƙa wa kansu rami. Ya leƙo ta taga, fuskarsa duk gumi.

"Mutumin Gana, har ina ruwan nan zai kai?"

Na nuna masa layin busasshiyar ciyawar teku da ke sama da mu. "Har can, Alhaji."

"Yanzu?"

"Kafin la'asar ta yi sanyi."

Ya sauko ya miƙa mini shebur, shi ya durƙusa yana haƙa da hannu. Ya ce a ƙara rage iskar tayoyi har sai sun kwanta. Maiɗakina ta ɗaure zani ta jawo wani katako da ruwa ya kawo gaɓa. Hajiya ta kwaso tabarmin da muka ci abinci a kai, Alhaji ya cusa su a ƙarƙashin tayoyi. Ruwa yana dukanmu har gwiwa, sanyi kamar ƙanƙara.

"In na ce ku tura, ku tura," ya ce. "Sai ruwa ya koma tukuna. Kai ka san shi, kai za ka faɗa mini."

Na tsaya ina kallon igiyoyin. Babba ta zo ta wuce, ƙarama ta biyo ta. Da ta fara ja da baya na daka tsawa, muka sa kafaɗa mu uku. Motar ta yi gurnani, ta girgiza, ta watsa mana jiƙaƙƙen yashi a fuska, sannan ta fizge ta haye tudu. Hajiya ta faɗi zaune cikin ruwa, ɗankwalinta ya bi igiya. Maiɗakina ta je ɗaga ta, ita ma ta zame. Suka zauna a nan suna dariya har da hawaye.

Alhaji ya fito ya tsaya yana duban wurin da motar ta bari, wanda ruwa ya riga ya shafe. Ya daɗe a tsaye.

"A hamadar Tenere," ya ce, "in ka ajiye mota, a nan za ka same ta ko bayan shekara. Wannan hamadar taku tafiya take yi."

Muka canza kaya muka yi alwala da ruwan jarka. Tabarmi sun jiƙe, don haka a kan yashi muka yi la'asar, Alhaji a gaba, teku a gabansa. Bayan sallama ya naɗe ƙafar wandonsa, ya taka a hankali har ruwa ya rufe masa idon sawu. Ya ɗebo da tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce gishirin Bilma ya fi daɗi.

Mun koma tsibirin nan shekaru da dama bayan wannan, kullum in kaka ta yi. Daga baya gwiwa ta matsa wa Alhaji, ya ajiye aiki, suka koma gida Nijar shi da Hajiya. Ya so ya bar mini motar, na ce ban iya yashi ba, sai surukinsa ya sayar wa wani mai aikin gini.

Bara maiɗakina ta ce mu yi hayar mota mu je mu biyu. Muka je har bakin jirgin fito, muka tsaya muna kallon masu kamun kifi suna shiga da motocinsu. Ta dube ni, na dube ta, muka fasa shiga. Muka sayi soyayyen kifi a wani ɗan shago da ke wurin, muka ci a cikin mota, muka juyo gida.